Ta yaya ake gane ko masu zaɓe suna nan kan bakansu?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko binciken jin ra'ayin jama'a zai iya nuna cewa ra'ayin mai zaɓe tsayayye ne. Zai iya, amma ba irin wanda ake yi sau ɗaya a watse ba. A ce bara rabin mutane sun goyi bayan wata manufa, bana ma rabi. Wannan bai nuna kowa yana inda yake ba. Wataƙila wasu sun fice, wasu sun shigo, lissafi ya tashi daidai.

Dabarar ita ce a riƙa komawa wurin mutanen da aka fara tambaya, da tambaya iri ɗaya. A 1964 wani masanin kimiyyar siyasa, Philip Converse, ya nazarci Amurkawan da aka tambaya a 1956 da 1958 da 1960. Ya ga mutane sun riƙe jam'iyyarsu gam, amma amsarsu kan manufofin gwamnati yau nan gobe can, har ya ce da yawa ba su da ra'ayin, amsawa kawai suke yi don kada a ce ba su sani ba. A 1975 wani masanin, Christopher Achen, ya ce a'a, yawancin laifin na tambayoyin ne masu harshen damo.

Ni na fi karkata ga Achen, domin idan aka auna batu ɗaya da tambayoyi da dama, rawar amsar tana raguwa. Sai dai ka lura da masu zamewa kafin zagaye na gaba: galibi waɗanda siyasa ba ta dame su ba ne, kuma fitarsu tana sa sauran su yi kama da masu tsayayyen ra'ayi fiye da yadda jama'a take.