Borin jinin sanyi ba zai hana ka karatu a Jamus ba

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce ka samu gurbin karatu a Jamus, amma duk hunturu in ka yi alwala da ruwan randa da asuba sai hannuwanka da fuskarka su yi rudu-rudu da ƙaiƙayi. Ka kuma ji ana cewa an kusa samo sabon magani, shi ne kake tambaya ko ka ɗaga tafiyar. Kada ka ɗaga. Ni ma ina da wannan lalura ta borin jinin sanyi, kuma a Berlin nake zaune.

Kafin ka taso, ka je wurin likitan fata. Gwajin ba shi da tsada: ana ɗora ƙanƙara cikin leda a kan damtse na minti 5, a cire, a jira kamar minti 10. In wurin ya kumbura, shi ne. Ka lura, kumburin yakan fito ne lokacin da fata ta fara ɗumi, shi ya sa wasu suke zaton zafi ne ke tayar musu. A nan asibitin Charité suna da wata na'ura, TempTest, mai nuna daidai matakin sanyin da fatar mutum ke fara tashi. Wannan lambar ce ta sauƙaƙa mini rayuwa, don na san ranar da zan rufe fuska da ranar da ba sai na rufe ba.

Maganin farko tsoho ne, irin su cetirizine da loratadine. In ƙwaya ɗaya ba ta riƙe ba, likita na iya ƙarawa har ninki huɗu, amma shi zai ƙara, ba kai ba. In hakan ya gaza akwai allurar omalizumab. Tun 2014 aka amince da ita don borin jinin da ke tashi haka kawai, kuma wani gwaji da aka wallafa a 2017 ya nuna tana taimakon masu na sanyi. Tana da tsada ƙwarai, don haka ka ɗauki inshorar lafiyar ɗalibai da muhimmanci, wadda dama dole ce a nan.

Sababbin da ka ji labari gaskiya ne. Tushen ciwon wasu ƙwayoyin halitta ne a fata da ke sakin sinadarin histamin in sanyi ya taɓa su. Allurar barzolvolimab ta kamfanin Celldex tana rage yawansu, kuma sakamakon gwajinta na 2024 a kan masu borin sanyi ya ba mu ƙwarin gwiwa, ko da yake wasu gashinsu ya yi haske. Akwai kuma ƙwayar remibrutinib ta Novartis, wadda Amurka ta amince da ita a 2025 don borin jinin da ba a san musabbabinsa ba, an kuma sa masu irin namu a gwajinta. Sai dai ka sani, an gwada wata allura, dupilumab, a kan borin sanyi ba ta yi abin da aka sa rai ba. Ina bibiyar labarinsu da fata, amma ba zan ba ka shawarar ka jingina karatunka a kansu ba.

Abin da ya fi damuna ba dusar ƙanƙarar Janairu ba ce, don ita kana ganinta ka sa safar hannu da rigar sanyi. Bazara nake jiye maka. Abokan karatu za su ja ka iyo a tafki, rana na dukan ka, ruwan kuwa da sanyi. In duk jiki ya shiga lokaci guda, ƙarfin gudun jini na iya faɗuwa mutum ya suma a cikin ruwa. Don Allah kada ka shiga. Haka abin sha mai ƙanƙara, in ya taɓa kumbura maka leɓe ko maƙogwaro ka gaya wa likita, zai iya rubuta maka allurar adirenalin ta gaggawa da za ka riƙa yawo da ita. In za a yi maka tiyata ka faɗa tun wuri, a ɗumama ruwan da za a ƙara maka. Lambar gaggawa a nan 112 ce.

Alwala kuwa da sauƙi, famfunan nan suna da ruwan ɗumi. Ka zo da takardar likitanka da Turanci da maganin da zai kai ka wata biyu, kafin ka samu ganin likitan fata, don layinsu yakan yi tsawo. Ka gaishe mini da su Mama, ka sanar da ni ranar saukarka.