Zanen bakin teku: a zuba jari ko a dakata?

Wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan fata kusa da tsohon gidan bayi na Cape Coast, a ƙasar Gana, ya aiko da tambaya: wani mai zane yana so ya sayar masa da manyan zane-zanen bakin teku guda ashirin, kuɗi hannu, domin 'yan yawon buɗe ido. Shin ya karɓa?

Alhaji, kasuwar nan gaskiya ce, kuma ta daɗe. Garin Turubil da ke arewacin Faransa ƙauyen masunta ne kawai sa'ad da mai zane Sharl Mozan ya isa can a 1825, ya kai hotunansa Faris, masu hali suka fara sha'awar ganin wurin da idonsu. Da jirgin ƙasa ya iso garin a 1863, sai baƙi suka yi ta kwarara, otal-otal suka cika. Amma abin da nake so ka lura da shi shi ne yadda wani mai zanen, Ujen Budan, wanda shi ma kamar kai ya taɓa riƙe kanti, na takardu da firam, a birnin Lahabar na Faransa, ya fuskanci waɗannan baƙi: ƙananan hotuna ya riƙa yi na bakin tekun da suke zama a kai, irin waɗanda mutum zai ɗauka ya tafi da su gida ba tare da wahala ba.

Baƙonka ma haka yake. Jirgin sama zai hau, kuma ana auna masa kaya, don haka babban zane mai firam zai burge shi ya wuce. Kai kuma ka zauna da kwantai, ga iskar teku mai gishiri da laima tana cin kyalle da fenti, alhali kuɗinka na fata, wanda ka san kansa, ya maƙale a bango. Wannan ne ya fi damuna.

Shawarata ita ce kada ka biya ko sisi a karon farko. Ka karɓi guda biyar a kan la'ada, ku rubuta yarjejeniya, ka kuma nemi ya yi maka ƙanana waɗanda ake naɗewa, na kwale-kwalen masunta da na ganuwar tsohon gidan bayi na Elmina. Ka gwada su a watan Disamba, lokacin da baƙi suka fi yawa tun bayan shekarar komawa gida ta 2019, da Gana ta gayyaci 'yan asalin Afirka mazauna ƙetare su kawo ziyara. Wanda ya fi fita, shi za ka saya da kuɗinka a baɗi.