Adawa, Hamayya da Sauran Kalmomin Teburin Mai Shayi

Tun da aka buga gangar neman kujerar shugaban ƙasa, wasiƙun da ke zuwa mini suka bar maganar suna da aikatau suka koma siyasa. Zan amsa kaɗan yau. Masu tambayar wa zan zaɓa kuwa su yi haƙuri, filin nan na kalmomi ne.

Wani tela daga Unguwar Rogo a nan Jos ya rubuto: "Malam, ni da maƙwabcina sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci shekara da shekaru. Da ya ji ɗan takarar da nake so, sai ya ce mini ɗan adawa a gaban jama'a. Na ji zafi ƙwarai. Zagi ne ko ba zagi ba?"

Ɗan'uwa, kunnenka bai yi ƙarya ba. Adawa Larabci ce, tushenta ɗaya da aduwwu, wato maƙiyi. Kafin zuwan jam'iyyu, in Bahaushe ya ce wane yana adawa da ni, ƙiyayya yake nufi. Da aka fara zaɓe aka rasa sunan da za a kira ɓangaren da ba ya riƙe da gwamnati, sai rediyo da jarida suka ɗora masa wannan kalma, ta zauna daram. Yanzu in ka ji "jam'iyyun adawa" a labaran yamma babu zagi a ciki. Amma tsohon warin bai bar tukunyar ba, shi ne ya bugi hancinka. Sai ka duba yadda ya faɗe ta: yana murmushi ne, ko ya ɗaure fuska?

Akwai 'yar'uwarta, hamayya. Ita ma aro ce, daga hamiyya, zafin kishin dangi, wadda Suratul Fathi ta ambata da hamiyyar jahiliyya. Abin mamaki, da ta shigo Hausa sai ta huce. Attajirai biyu a kasuwa suna hamayya, 'yan dambe suna hamayya, kuma a tashi a ci tuwo tare. Ni a nawa bakin abokin hamayya nake cewa, don ta fi dacewa da abin da ke faruwa. Ga misali a garin nan: a watan Maris na 1993 jam'iyyar SDP ta yi babban taronta a Jos, Abiola ya kayar da Babagana Kingibe, sannan ya juyo ya ɗauke shi mataimaki. Wannan hamayya ce. Magoya baya ne suka fi mayar da ita gaba.

Kwanan baya na zauna teburin wani mai shayi kusa da Taminus, hazo ya rufe gari, kowa ya dunƙule cikin rigar sanyi. Dattawa biyu suna ta sa-in-sa. Ɗaya na cewa nasa gwanin ne kaɗai mai gaskiya, ɗayan na ƙirga masa farashin mudun shinkafa da litar mai a kan yatsu. Murya ta yi sama har mai shayi ya tsayar da wuƙar yanka burodi. Da suka tashi, mai ƙirgen yatsun ne ya biya kuɗin shayin su biyun, ya ce, "Alhaji, gobe ma ka zo in ƙara kayar da kai." Nan take na tuna taken marigayi Waziri Ibrahim na GNPP a zaɓen 1979: siyasa ba da gaba ba. Ɗalibai su lura, gabar da ke cikin taken nan ana jan wasalinta, ba ita ce gaba kishiyar baya ba, ko da yake boko yana rubuta su iri ɗaya.

Wata malamar firamare daga Bukur ta ce 'yarta kan ce mata, "Mama, kar ki yi mini siyasa," in tana zargin za ta yaudare ta. Tana tambaya ko ma'anar siyasa ke nan tun asali.

A'a, Malama. A Larabci kalmar ta fito daga kiwon doki da horar da shi, mai kula da dokin ma sa'is ake ce masa, daga nan ta koma tafiyar da jama'a. A tsohuwar Hausa kuwa siyasa lallashi ce da sassauci. In aka ce alƙali ya yi masa siyasa, ya rage masa hukunci ke nan. In aka ce wance ta iya siyasar zama da kishiya, yabo ne. Ma'anar yaudara sabuwa ce, alkawuran da ba a cikawa ne suka jawo mata ita. 'Yarki Hausar zamaninta take yi, ba zan ce ta yi kuskure ba.

Wani ɗalibin jami'a yana son sanin bambancin shugaba da jagora, don ya ga magoya baya sun fi son kiran gwaninsu jagora. Shugaba daga "shiga gaba" take, wanda ya wuce gaba saura na biye. Jagora kuma "ja gora" ce: yaron da ke riƙe bakin sanda yana jan makaho. Ban sani ba ko masu rera "jagoranmu, jagoranmu" sun taɓa tsayawa sun tambayi kansu wane ne ke riƙe da ɗaya bakin gorar. Ɗalibin ya kuma ce ya ji wani a rediyo yana kare shugaban ƙasa da karin maganar nan, babba juji ne. Cikonta shi ne kowa ya kwaso shara sai ya zuba masa. Nasiha ce ga babban da kansa, ya haɗiye abin da aka faɗa masa ya yi haƙuri. In yaransa suka ɗauke ta suna rufe bakin masu ƙorafi da ita, sun juya mata kai ƙasa, don karin maganar ma izinin zuba sharar ta bayar.

Saura gajeru. Ƙuri'a daga ƙur'a take, abin da ake jefawa don raba gardama ko fitar da rabo, shi ya sa har yau jefa ta ake yi ko kaɗa ta, ko da yake dangwala yatsa muke yi a takarda. Ƙato bayan ƙato Hausa ce zalla: zaɓen da ake yin layi a bayan ɗan takara ko hotonsa a ƙirga kawuna. Santsi da taɓo kuma laƙabin ɓangarori biyu ne na jam'iyyar PRP a Jamhuriya ta Biyu, 'yan taɓo na tare da Malam Aminu Kano, 'yan santsi na tare da Abubakar Rimi da Balarabe Musa.

Na ƙarshe wani direban Keke Napep ne daga Rikkos, ya ce sun yi musu a tasha kan sak da wake da shinkafa. Sak a asali tana nufin miƙe ba karkata, kamar a ce ya nufi gida sak. Magoya bayan Buhari ne suka shahara da ita: a dangwala wa jam'iyya ɗaya tun daga shugaban ƙasa har ɗan majalisar jiha. Wake da shinkafa kishiyarta ce, shugaban ƙasa daga wannan jam'iyya, gwamna ko sanata daga waccan. Musunsu shi ne wanne ake fara faɗa, waken ko shinkafar. Duka biyun ana ji a bakin mutane, malam direba, kuma mai abinci ba ta taɓa mayar da kwano don an juya sunan ba. Wanda ya sa caca a kan wannan ya karɓi kuɗinsa.