Ya yi kuka, ya rantse: ta yaya za a gane da gaske zai daina dukanta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina cikin masu sasanta ma'aurata. Sau da yawa mijin da ya doki matarsa zai zo yana hawaye, yana rantsuwa ba zai sake ba, bayan ɗan lokaci matar ta dawo da kumburarriyar fuska. Akwai hanyar auna niyyar mutum kafin ta koma? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Akwai, amma hawaye da rantsuwa ba sa cikin abin da ake aunawa. Tun a 1979 masaniyar halayyar ɗan Adam Lenore Walker ta nuna cewa lallashin da ke biyo bayan duka yana cikin yadda cutarwar ke zagayowa.

Ƙwararru na amfani da wata takardar auna shirin mutum na canza hali mai suna URICA, wadda aka gina kan matakan canjin hali na masana halayya Prochaska da DiClemente. Jimloli 32 ne, mutum ya ba kowace maki 1 zuwa 5 gwargwadon yardarsa da ita. Tana auna abu huɗu: musun matsala, fara tunani, ɗaukar mataki da riƙe canjin. Sai a haɗa matsakaicin makin ukun ƙarshe, a cire na musun matsala, abin da ya rage shi ne ma'aunin shirinsa na canzawa. A 2000 an fitar da URICA-DV, ta masu dukan matansu musamman.

In ba ki da takardar, ku zauna da shi babu matar. Tambaye shi, daga 0 zuwa 10, nawa ne muhimmancin dainawa a wurinsa, sannan nawa yake ganin zai iya. Idan ya ce 6, ki ce: "Me ya sa ba 3 ba?" Wannan zai sa ya faɗi dalilan canji da bakinsa. In kika ce "me ya sa ba 9 ba", uzuri zai yi ta jero miki.

Ki fi kasa kunne ga maganar fiye da lambar. "Ita ta tsokane ni", "mari ɗaya ne kawai", "zuciya ce ta ɗebe ni", duk musu ne, ko da ya ba kansa 10. Wanda ya fara motsi zai ce: "Na mare ta, na ƙwace wayarta, na hana ta fita, yara suna kallo," bai liƙa "amma" a ƙarshe ba. Wanda ya ce 10 a zaman farko ma ya fi tayar min da hankali, domin mai son a mayar masa da mata ko mai gudun kotu ya san amsar da ake so. Nan ne raunin duk ma'aunin da mutum ke cikawa da kansa. Shi ya sa ake maimaita awon bayan makonni, ana duba aiki: yana zuwa zama ba tare da an bi shi ba? Ya daina aike da matsa mata ta dawo?

Ki tambayi matar ita kaɗai, kuma kada abin da ta faɗa ya kai kunnensa. Ki tambaye ta kai tsaye ko ya taɓa shaƙe ta. Wani bincike a Amurka a 2008 ya gano cewa shaƙewa na ninka haɗarin kisa wajen sau bakwai. In ta ce e, ko ya yi barazana da makami, a ajiye maganar maki da sulhu, a nema mata wurin tsira, a kai ta asibiti, a sanar da hukuma.