Amsar Malam ga Malama kan sayen simat bod

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da yammaci. Ku yi haƙuri da hayaniyar nan, jikoki ne suka cika min falo. Malama, ƙanwata, na saurari muryarki tun da hantsi, ina kan hanya ne shi ya sa ban amsa ba. Kin ce sashenku a kwalejin horar da malamai ya samu ɗan kuɗi, ana ta ja-in-ja ko a sayi simat bod, allon nan da ake taɓawa da yatsa, ko a sayi majigi biyu da laftof, kina neman a faɗa miki wanda ya fi. To ni a fahimtata ba shi ne ya hana ki barci ba. Yaran nan ne da kika je dubawa a TP, wato koyarwar gwaji da ɗalibai masu koyon malanta ke yi a makarantu, makon jiya, waɗanda kika ce sun ba ki kunya a gaban hedimasta. Su ne damuwarki, kuma maganarsu zan yi.

Simat bod ba zai gyara su ba. Na faɗa, a rubuta a ajiye. Ni fa na ga jiya na ga yau a harkar nan. Inda na yi aiki, ba sai na kama suna ba, an gina mana ɗakin maikuro-ticin, inda ɗalibi ke gwada koyar da gajeren darasi a ɗauke shi a bidiyo, wallahi Malama in kin shiga sai kin ce ba a ƙasar nan kike ba. Kyamara a kusurwa, talabijin a bango, kafet, har da na'urar sanyaya ɗaki. Kin san sau nawa na shiga da ɗalibaina? Sau biyu. A'a, astagfirullah, sau uku ne, na ukun ranar da masu tantancewa na NCCE, hukumar kula da kwalejojin ilimi, suka zo. Ranar kam an share, an fesa turare, an zuba wa janareta mai, an zaɓo yara masu kai aka zaunar. Baƙi na juya baya aka maida kwaɗo. Makulli yana hannun wani bawan Allah, kullum in ka je nemansa ya tafi banki, ko ya je ta'aziyya. In ka yi sa'a ka same shi sai ya ce ka rubuto takarda. Ka rubuta, a ce babu dizal. Ranar da aka samu dizal kuma rimot ɗin majigi ya ɓata. Rimot fa! Zango guda cur muna jiran rimot. Har na ce a bar ni in saya da kuɗina, aka ce ai kayan gwamnati ne, ba a haɗa shi da na mutum. Har na bar wurin wasu kwamfutocin ledarsu ba a cire ba, ɓera ne kawai ya amfana da wayoyin. Kuma mutumin nan har yau in mun haɗu a ɗaurin aure sai ya ce min "Malam ya ƙoƙari", ni kuwa rimot ɗin nake tunawa. To, bar wannan.

Abin da ya fitar da ni kunya daga baya wayar hannu ce. Ai shi maikuro-ticin ɗin da muke koyarwa, asalinsa a jami'ar Stanford ta Amurka aka fara shi a 1963, kuma dabarar ba ta da wani tsawo: ɗalibi ya koyar minti biyar zuwa goma ga 'yan mutane kaɗan, a ɗauke shi a bidiyo, ya kalli kansa, a yi masa gyara, ya sake koyar da darasin nan dai. Sakewar nan ita ce maganin. Su a lokacin na'urar ɗaukar bidiyo sai an turo ta a kan keke saboda nauyi. Yau tana aljihun kusan kowane ɗan NCE, yana TikTok da ita. Mu kuma mun mayar da kwas ɗin karatun hadda: kawo ma'anar maikuro-ticin, lissafo matakansa. Yaro ya ci A bai taɓa ganin bayansa ba sa'ad da yake rubutu a allo.

Ni sai na ce kowa abokinsa ya ɗauke shi. Akwai wani yaro, mai ƙoƙari ne ƙwarai, na yi ta gaya masa kana magana da allo, ba da yara ba. Ya rantse shi ba ya yi. Da aka kunna masa bidiyonsa, minti bakwai, ƙeyarsa kawai muke gani, ga "kun gane ko?" da yake ta jerowa har muka gaji da ƙirga, kuma bai taɓa tsayawa ya ji ko sun gane ɗin ba. Shi da kansa ya rufe fuska yana dariya. Sati na zagayowa ya dawo kamar ba shi ba. Abin da bakina ya kasa a wata uku, ka ji. Wata kuma sai a bidiyo ta lura layin gaba kaɗai take tambaya, na baya ko kallo ba su ishe ta ba. Amma Malama ki kula da wannan, don na taɓa ƙonewa: cikin ɗalibai akwai matan aure, akwai 'yan mata, ba kowa ke son a ɗauke shi ba. A ɗauka da wayar mai koyarwar, bidiyon ya zauna a hannunta, ta nuna miki, ta goge in ta so. Kada ya shiga guruf. Kuma a makarantar TP ba a ɗaukar fuskar 'ya'yan mutane sai da izinin hedimasta.

Na san yanzu wani a gidan nan zai ce Malam tsohon yayi ne, ba ya son zamani. Ba haka ba ne. Ai ni na fi kowa faɗa a kan a koya musu kwamfuta. JAMB tun 2015 ta koma kwamfuta gaba ɗaya, jarabawar TRCN ta samun lasisin koyarwa ita ma tun 2017 a kwamfuta ake yi, kuma da idona na ga malamin da ya san amsa sarai amma linzamin kwamfuta ya gagare shi, hannu na rawa har lokaci ya ƙare. Wannan zalunci ne daga ɓangarenmu, mu da muka yaye shi. Don haka laftof kam a saya, amma wanda ɗalibi zai taɓa da hannunsa, ba na teburin shugaban sashe ba.

Abin da nake ƙi shi ne a ɗauka na'ura za ta maye gurbin horo. An sha gwadawa. Maƙwabtanmu Nijar tun 1964 suka fara koyar da 'yan firamare ta talabijin. Osun ta raba wa 'yan sakandare tablet ɗin karatu mai suna Opon Imo a 2013. Edo ta zo da EdoBEST a 2018, aka ba malamai tablet, darasi a rubuce, malam ya bi layi-layi. Wannan na Edo ɗin ina da magana a kansa, don ya taimaka wajen hana malamai fashin aji, ana ganin wanda ya shiga da wanda bai shiga ba, amma malamin da aka saba wa a tauna a ba shi, ranar da caji ya mutu fa? To… bari dai, wannan zancen wata rana ne. A Kaduna a 2017 malamai 21,780 cikin kusan 33,000 aka ce sun faɗi jarabawar 'yan aji huɗu. Ko mutum ya yarda da yadda aka yi jarabawar ko bai yarda ba, ba rashin majigi ya jawo ba. Lokacin korona a 2020 da aka rufe makarantu, me ya kai darasi ƙauye? Rediyo. Rediyon da muke rainawa.

Sannan ki tambayi kanki, yaran nan ina za a tura su in sun gama? Ajin da yara sun haura ɗari, rabi a ƙasa, allon ma siminti ne aka shafa wa baƙin batir, alli sai malam ya saya. Kin horar da shi shekara uku a kan allon taɓawa, ya je can ya tsaya kamar an dasa shi. Irin abin da nake gani yanzu da ChatGPT ke nan. Wani ɗan maƙwabcina ya kawo min tsarin darasinsa in duba, Turanci tsaf kamar daga Ingila, a wurin kayan koyarwa an rubuta majigi da intanet, a raba yara rukuni na mutum huɗu-huɗu. Na ce ɗana, makarantar da aka tura ka akwai wuta? Ya ce ko waya ba a ja ba. Yara nawa? Ya ce bai ƙirga ba. Ban hana shi amfani da shi ba fa, na ce koma ka gaya masa gaskiya: yara kaza, babu wuta, Hausa suke ji, abin da ke akwai tsakuwa da murafen kwalba da karan dawa. Abin da ya fito ya fi na farko nesa ba kusa ba, duk da Hausarsa sai da muka yi mata kwaskwarima, akwai inda ya yi shirme sosai.

To in kuɗin a hannuna suke, sola zan fara sawa, ko ƙarama ce, don duk abin da za ku saya bayan wuta yake. Sai majigi ɗaya, ɗaya tak, don a riƙa kallon bidiyon tare. Sai ƙafar ɗora waya guda biyar ko shida, da 'yan makirfo na maƙalawa a riga, don sauti shi ne ke ba da wahala, da sifika. Ragowar a sa a laftof. Kuma a rubuta a takardar taro, da sa hannun kowa, cewa makulli uku ne, ɗaya a hannunki. Rimot kuwa ki sayi na biyu ki jefa a jakarki, kada ki gaya wa kowa.

Su yaran na TP, ki zaɓi biyun da suka fi ba ki haushi, ki ce kowa ya sa a ɗauke shi minti biyar gobe. In sun yarda ki turo min ta bayan fage, ba a nan ba. Kai, ku sauka daga kan kujerar nan! Afuwan jama'a. Malama sai na ji daga gare ki, a gaida maigida da yara.