Karen gadi da kashinsa a ƙofar gidan mutane

Malam, ka ce ka ajiye karen gadi a unguwar Yelwa a Garwa ta ƙasar Kamaru, maƙwabta na ƙorafin kashin da yake bari idan ka fita da shi. Gaskiyarsu ce. Ƙofar gida a nan wurin zama ne: nan ake shimfiɗa tabarma da yamma, nan yara ke wasa da ƙasa ba takalmi. Kashin kare najasa ne, kuma yana ɗauke da ƙwayayen tsutsar ciki da ke daɗewa cikin ƙasa, yaro ya kai hannu baki ya ɗauka.

Ka riƙa fita da leda a aljihu. Ka sa hannu cikinta, ka kwashe, ka juyo ta, ka ƙulle, sai kwandon sharar HYSACAM, kamfanin kwashe shara. Kada ka tura shi kwata. Damina na zuwa, ruwa zai dawo da shi gidajen mutane.

Fitar kuma ka yi ta bayan asuba. A watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40, kwalta na ƙona masa tafin ƙafa. Ka riƙe shi da igiya, ka kauce wa ƙofar masallaci, kuma allurar haukan kare kada ta wuce shi kowace shekara.