Tambayoyinku kan Fasaha: Fim Ɗin Farko da Waya da Tsohuwar Kwamfuta

A wannan makon yawancin saƙonnin da suka shigo daga ɗaliban sashen koyon aikin jarida suke, da alama malamai sun raba aikin gajeren fim na ƙarshen zango. Na haɗe masu kama da juna, na rage tsawon wasu.

Tambaya: Malam, mu shida ne a rukuninmu, 'yan aji uku a wata jami'a a Kano. An ce mu yi fim na minti bakwai. Mun yi karo-karo, kuɗin ba su taka kara sun karya ba. Wasu sun ce mu yi hayar kyamara ta kwana biyu, ni kuma na ce mu ɗauka da waya. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Kai ke da gaskiya, ɗan'uwa, amma da sharaɗi. Kyamarar haya da ba ku taɓa riƙewa ba za ta cinye muku yinin farko wajen laluben maɓallai, ranar ta biyu kuma hankalinku na kan agogo saboda mai kaya na jira. Wayar da ke aljihunka ka san halinta. Matasan nan na Kaduna da ake kira The Critics, waɗanda labarinsu ya zaga duniya a 2019, da waya mai fasasshen gilashi da koren ƙyalle da manhajar Blender ta kyauta suka yi finafinansu na almarar kimiyya. Kuɗin karo-karon ku adana su, za ku ji inda ya kamata su tafi a amsa ta gaba.

Sharaɗin shi ne kada ka bar wayar ta yi wa kanta hukunci. Ka shiga saitin bidiyo, wurin girman hoto, ka zaɓi 1080p. Ka ƙyale 4K ko da wayar na da shi: minti ɗaya na 1080p yakan ci tsakanin megabait 60 zuwa 130 gwargwadon yadda wayar ke matse fayil, 4K kuwa ya kusa ninka hakan uku, ga zafi da yake sa wa waya. Wanda ya taɓa ɗaukar bidiyo a Kano cikin watan Afrilu ya san yadda waya ke kashe kyamara da kanta tsakiyar aiki.

Sai adadin hotunan da take ɗauka a daƙiƙa. Yawancin wayoyi suna zuwa a kan 30, saboda lissafin wutar Amurka mai zagaye 60 a daƙiƙa. Wutar Najeriya da Nijar zagaye 50 take yi, kwan lantarki kuma yana ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa, ido ba ya gani amma kyamara na gani. Shi ne wannan layin duhu da ke yawo a bidiyon da aka ɗauka a ɗaki. Maganinsa ka sa 25, ka kuma tsayar da saurin rufewar idon kyamarar a 1/50. Idan manhajar kyamarar da ta zo da wayar ba ta ba ka wannan damar ba, gwada Open Camera, kyauta ce a Android, ko Blackmagic Camera idan wayar na cikin waɗanda take karɓa. Ƙaramin janareta kuwa bai san wannan lissafi ba, wutarsa hawa da sauka take, don haka in da hali ku yi amfani da fitila mai caji ko hasken taga.

Ragowar ƙananan abubuwa ne: ka kwantar da wayar a gicciye, ka goge gilashin kyamara kafin kowace ɗauka, ka danna ka riƙe kan fuskar ɗan wasa har haske da saiti su kulle, ka sa wayar a yanayin jirgin sama don kada kiran Hajiya ya katse fitowar da ta fi kowace kyau. Kada ka jawo hoto da yatsa, ka matsa da ƙafarka. A waje, ku ɗauka da hantsi ko bayan la'asar. Ranar tsaka tana zuba wa idon mutum inuwa ta mayar da farar riga tamkar fitila.

Tambaya: Mun gama ɗaukar rabin fim ɗinmu a Zariya. Hoton ya yi kyau, amma da muka kunna sai ƙarar babura da iska kawai, maganar 'yan wasan can ƙasa-ƙasa. Akwai manhajar da za ta gyara? Ni ce daraktar, kuma saura sati biyu mu miƙa.

Amsa: Ƙanwata, a nan ne fim ɗin ɗalibai ke mutuwa, kuma ba kasafai ake faɗa musu da wuri ba. Mai kallo zai haƙura da hoto mai ɗan duhu, amma da zarar ya kasa jin abin da ake cewa ya tashi. Malamin da zai ba ki maki ma haka.

Matsalar nisa ce. Makirufon waya an yi shi ne don bakin da ke dab da shi. Idan kin ja baya taku biyar don ki samu hoto mai faɗi, muryar ta raunana sosai kafin ta iso, babur ɗin da ke titi kuma ƙararsa na nan yadda take. Akwai manhajojin rage hayaniya, Audacity ma tana yi kuma kyauta ce, amma ƙarfinsu a kan ƙara mai ɗorewa ne irin ta fanka ko firji. Hon da kukan akuya da sallamar mai ruwa ba sa fita, in kuma kika matsa musu sai murya ta koma kamar daga cikin tulu ake maganar.

Ga rabin da ya rage, ki raba aikin hoto da na sauti. Waya ɗaya ta ɗauki hoto, wata dabam ta ɗauki murya. Ki sayi ƙaramin makirufon da ake maƙalawa a riga, ki maƙala shi kimanin taƙi ɗaya ƙasa da haɓar ɗan wasa, ki ɓoye wayar a aljihunsa. Ki duba bakin igiyar kafin ki biya: wanda ke aiki da waya zobe uku baƙaƙe gare shi, mai zobe biyu na kyamara ne, sai da abin haɗi. Ga mata masu hijabi ki lura sosai, yadin na goga makirufo ya yi ta ƙaraf-ƙaraf. Ki manna shi da filasta yadda ba zai motsa ba. In babu kuɗin makirufo ko kaɗan, a ɗaura waya a kan sanda a riƙe ta saman kan masu magana, dab da inda hoto ya ƙare. A sa manhajar naɗar murya a kan 48 kHz, shi ne ma'aunin da aikin bidiyo ke tafiya a kai.

A farkon kowace ɗauka, bayan wayoyin biyu sun fara aiki, wani ya tsaya gaban kyamara ya faɗi lambar fitowar ya tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. Wurin tacewa za ki ga tafin ya yi tsini a zanen sauti, sai ki daidaita shi da inda tafukan suka haɗu a hoto. Allon da kike gani ana bugawa a manyan finafinai aikinsa ke nan. Kuma a ware mutum ɗaya wanda ba shi da aiki sai sauraro da abin kunne. Shi ke da ikon cewa a sake, ko da daraktar ta gamsu. Kafin ku bar kowane wuri kowa ya yi shiru a naɗi minti ɗaya na sautin wurin kawai, da shi za ki cike giɓi tsakanin maganganu don kada sauti ya riƙa yankewa ɗif.

Rabin da ya lalace kuwa, hanya biyu ce. Fitowar da maganarta ke da yawa, a sake ta in 'yan wasa za su samu. Wadda maganar kaɗan ce, ki kira su ɗaki mai katifa da labule, su kalli hoton su maimaita maganar har baki ya dace. Masana'antar finafinan Hausa ta daɗe tana ɗora murya a situdiyo, ba abin kunya ba ne, sai dai yana cin lokaci fiye da yadda ake zato. Ki kuma tsara ranakun ɗaukarki da sanin lokutan kiran salla da tashin 'yan makaranta a unguwar.

Tambaya: Kwamfutata mai RAM gigabait 8 ce. Na sa DaVinci Resolve amma tana maƙalewa, kuma murya na fara daidai sai ta riƙa zamewa daga baki a ƙarshen bidiyo. Wani abokina ya ce zai sa mini Premiere wadda aka fasa.

Amsa: Matsala biyu ce daban-daban. DaVinci Resolve manhajar tace bidiyo ce mai kyau kuma kyauta, amma masu ita gigabait 16 suke so, da katin hoto mai ƙarfi. Da takwas za ka sha wahala. Kdenlive ko Shotcut sun fi dacewa da kwamfutarka, dukansu kyauta ne, kuma fim na minti bakwai babu abin da yake buƙata da ba su da shi. Ka kunna musu tsarin furoksi: manhajar za ta yi ƙananan kwafi marasa nauyi ka yi aikin yanka da su, a ƙarshe ta koma kan asalin fayilolin wajen fitarwa.

Zamewar murya kuwa daga wayar take. Waya ba ta riƙe adadin hotuna daram. In haske ya ragu ko ta yi zafi sai ta ɗan rage, ta ƙara, alhali wayar da ta naɗi murya tana tafiya da sauri ɗaya. Ka sauke manhajar HandBrake mai sauya tsarin bidiyo, ka shigar da bidiyon, ka zaɓi 25 tare da umarnin tsayayyen adadi, ka fitar da sabon kwafi. Da shi za ka yi aiki. Ka yi wa duk fayilolin haka kafin ka fara yanka, don in ka bari sai ka yi nisa, aikin zai dawo sabo.

Abokinka ka gode masa ka bar shi da kayansa. Fasasshiyar manhaja hanya ce sananniya ta shigar ƙwayoyin cutar da ke kwashe kalmomin sirri ko su kulle fayiloli, kuma kwamfutar da ke ɗauke da fim ɗin mutum shida ba wurin gwaji ba ce.

Tambaya: Mai ɗaukar hotonmu ya turo mini bidiyoyin ta WhatsApp, sai na ga sun dusashe. Shi kuma ya riga ya goge wasu don wayarsa ta cika.

Amsa: Waɗanda ya goge, ya duba kwandon shara na ma'ajiyar hotunansa yanzu-yanzu, wayoyi da yawa suna ajiye abin da aka goge na kwana 30. WhatsApp yana matse duk bidiyon da aka tura a matsayin bidiyo. In dole sai ta nan, a tura shi a matsayin dokumen, yana ɗaukar har gigabait 2 bai taɓa ingancin ba. Amma igiyar USB ta fi, ba ta cin data. Kowane dare a kwafe aikin ranar wuri biyu, kwamfuta da filashi ko had-dis, a buɗe a tabbatar suna kunnuwa, sannan a goge na waya. Filashin a tsara shi a exFAT, domin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗin da ya wuce gigabait 4. In kuma sabon memori kuka saya da araha mai ban mamaki, ku gwada shi da manhajar H2testw mai auna ainihin girmansa tukuna. Na jabu yakan nuna girman da ba shi da shi, ya riƙa danne tsofaffin fayiloli ba tare da ya sanar ba.

Tambaya: Fim ɗinmu rabi Hausa rabi Turanci ne, muna son rubutun fassara a ƙasa. Amma ƙ da ɗ da ɓ suna fitowa kamar akwati ko alamar tambaya.

Amsa: Alamar tambaya ko tarkacen haruffa na nufin an adana fayil ɗin fassarar ba a tsarin UTF-8 mai ɗaukar irin waɗannan haruffa ba; ka buɗe shi a manhajar Subtitle Edit, ka gyara haruffan da suka lalace, ka sake adanawa a haka. Akwati kuwa na nufin salon rubutun da ka zaɓa ba shi da haruffa masu lanƙwasa. Noto Sans na da su, Andika ma haka, duka kyauta. Don Allah kada ka yanke shawarar cire lanƙwasar gaba ɗaya kamar yadda wasu ke yi, "ƙafa" da "kafa" ba abu ɗaya ba ne, kuma ɗalibin aikin jarida ya fi kowa cancantar kiyaye wannan. Layi biyu kacal a lokaci guda, kowane kada ya wuce haruffa 40 da 'yan kai, farin rubutu mai baƙin gefe. Ka ajiye kwafin fim ɗin da babu rubutu a jikinsa tare da fayil ɗin rubutun fassarar, wato SRT, daban, wata rana za ka so ƙara Faransanci don 'yan'uwa na Maraɗi da Damagaram.

Tambaya: Za mu iya sa waƙar wani fitaccen mawaƙi a bayan fim ɗin mu ɗora a YouTube? Muna kuma son tura shi gasa.

Amsa: Waƙar mai ita ce, dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta kare ta, kuma na'urar YouTube na gane waƙoƙin da aka yi wa rajista cikin mintuna, ta toshe bidiyon ko ta mayar da kuɗin tallarsa ga mai waƙar. Masu shirya gasa ma sukan nemi ka tabbatar da cewa duk abin da ke cikin fim ɗin kana da izininsa. Akwai ma'ajiyar kiɗa ta kyauta a cikin YouTube Studio, amma ni da ku ne da na nemi mai gurmi ko mai sarewa a gari, in biya shi, in naɗi minti uku, mu rubuta yarjejeniya a takarda. Zai fi dacewa da labarin da aka ɗauka a lungun Kano fiye da fiyano ɗin da kowa ya gaji da ji.

Batun izini bai tsaya kan kiɗa ba. Duk wanda fuskarsa ta fito sosai ya sa hannu a takardar amincewa, yaro kuma iyayensa. Kafin ku kafa kyamara a kasuwa ko unguwa, ku je da wasiƙar sashenku wurin sarkin kasuwa ko mai unguwa. Aikin aji da za a miƙa wa malami daban ne da fim ɗin da za a haska wa jama'a. In za ku kai ga na biyun a Kano, ku tuntuɓi Hukumar Tace Finafinai ta jihar tun da wuri.

Gasa kuwa, ku leƙa bikin finafinai na Zuma da Hukumar Finafinai ta Najeriya ke shiryawa a Abuja, da bikin KILAF a Kano mai karɓar finafinan harsunan gida. Bukukuwa da dama ta shafin FilmFreeway suke karɓar aiki. Wasu ba sa karɓar fim ɗin da ya riga ya fita fili, saboda haka in za ku ɗora a YouTube kafin ku ji sakamako, ku sa shi a tsarin da sai mai adireshin ne kaɗai zai gani. Ku fitar da shi a MP4 mai H.264, 1080p, hotuna 25 a daƙiƙa, nauyin megabit 8 zuwa 12 a daƙiƙa. Kafin ku miƙa, ku kalle shi daga farko har ƙarshe sau ɗaya da lasifikar waya, sau ɗaya da abin kunne, sannan ku kai filashin ɗakin da za a haska shi kwana ɗaya kafin ranar ku gwada a na'urar wurin.